Funfunar da ta kashe min 'yan tsaki 71 a Maiyama

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya adana shi ya karanta da dare.

A daminar bara, cikin watan Agusta, na zuba 'yan tsakin buloila 200 a ɗakin da na gyara a bayan gidanmu a nan Maiyama. Kwali huɗu ne, daga Ibadan suka taso, na tarbe su a Jega da sassafe. Na ba su ruwan gulukos, na hura musu gawayi, na yi duk abin da ake cewa a yi. Kwana biyar na farko lafiya lau. Ranar na shida na shiga bayan sallar asuba na tarar da uku a mace, wasu kamar goma kuma sun raɓe a gefe, sun miƙa wuya sama suna buɗe baki suna rufewa kamar wanda ya sha gudu. Ba tari, ba atishawa, ba majina. Shiru suke hakinsu.

Na yi abin da yawancinmu muke yi. Na hau babur zuwa shagon magani na ce kajina na mura, aka haɗa min antibayotik da bitamin. Kwana biyu ba sauƙi, na koma aka canza min wani mai tsada. Mutuwa ba ta tsaya ba, yau bakwai, gobe tara, jibi goma sha biyu. Ni da na yi digiri a harkar kasuwancin noma, na iya lissafin jari da riba har na shekara uku a takarda, amma ban taɓa tunanin in yanka mataccen ɗan tsako in duba cikinsa ba.

Ranar na goma ne ido ya raina fata. Na ɗauki matattu huɗu da masu haki biyu na kai wa wani likitan dabbobi a Birnin Kebbi. A gabana ya buɗe su. Huhun kowanne cike yake da wasu ƙananan ƙulli masu launin rawaya-rawaya, girman ƙwayar gero, in ka matsa su da tauri. Ya ɗago ya dube ni.

"Me ka shimfiɗa musu a ƙasa?"

"Ɓuntun shinkafa ne, Dakta."

"Busasshe?"

Nan na yi shiru. Daga wani injin casa na ɗebo shi kyauta, tsibi ne a fili wanda ruwan sama ya sha duka. Samansa a bushe, amma da muka tona ciki da ɗumi, har da ɗan tururi. Na baza shi a rana na yini ɗaya na ce ya isa. Har ma lokacin da ake saukewa kawuna ya zo wucewa ya ce, "Kai yaro, wanga ɓuntu warin hunhuna shikai, ina kas samo shi?" Na yi dariya na ce Kawu ai rana za ta gyara shi.

Likitan ya ce, "Malam, kuɗin maganinka zubar da su ka yi. Wannan ba bakteriya ba ce, funfuna ce ta tsiro a huhunsu. Je ka kwashe shimfiɗar nan yau, ka ware masu hakin, don ba za su tashi ba."

Kafin abin ya lafa na binne 71. Waɗanda suka rayu kuma da yawansu sun tsumbure, ranar da na sayar sai da na yi ta haƙuri da 'yan kasuwa.

Sunan abin da ya yi min wannan ɓarna Aspergillus fumigatus. Tun daga lokacin na ɗora wa kaina karatun wannan dangi, kuma abin da na fara fahimta shi ne kalmarmu ɗaya ta funfuna, ko hunhuna yadda muke faɗa a nan, ta rufe halittu daban-daban masu yawan gaske. Masana na kiran dangin gaba ɗaya fangas. A cikinsu akwai naman kaza, akwai yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, akwai wanda ke jawo makero a kan yara da ƙyasbi a wuyan manya. Ba bakteriya ba ne, ba bairas ba ne, shi ya sa antibayotik ba ya taɓa su, allurar rigakafi irin ta Gumboro ko Lasota ma ba ruwanta da su. Funfunar da muke gani a kan hatsi zare-zare ne masu laushi da ke ratsa abin suna ci, launin da ido ke gani a sama kuma ƙurar irinta ce, miliyoyi, kowace ƙwaya ba ta fi kashi biyu ko uku cikin dubu na milimita ba a wajen fumigatus. Ka girgiza buhu, sun cika ɗaki.

Abin da ya sa fumigatus ta fi sauran haɗari ga kaji shi ne ba ta tsoron zafi. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, funfuna da yawa ba sa iya rayuwa a haka, ita kuwa har sama da digiri 50 tana girma. Tsibin ɓuntu ko dusar katako da ya jiƙe ya ɗau ɗumi, nan ne gidanta. Sannan ita kaza ba huhu kaɗai gare ta ba, tana da jakunkunan iska guda tara a cikin jiki, wurare masu ɗumi da laima inda ƙurar ke sauka ta tsiro. Ɗan tsako na sati ɗaya zuwa uku shi ya fi saurin faɗuwa. Ba ta yaɗuwa daga kaza zuwa kaza kamar Niyukasul, duk wanda ya kamu daga iskar ɗakin ya shaƙa, ko kuma tun daga injin ƙyanƙyasa in ba a tsaftace shi. Likitan ya nuna min yadda ake ɗan rarrabewa: in haki da mutuwa sun fara tun kwana biyu ko uku da isowa, a zargi inda aka ƙyanƙyashe su, in kuwa sai da suka kwana biyar zuwa sama, mutum ya duba ɗakinsa. Nawa laifina ne, ba na kowa ba.

To yaya ake gane wace funfuna ce? Matakin farko ido ne da hanci. Baƙar ƙurar nan da 'yan uwanmu na Aliero ke gani a ƙarƙashin ɓawon albasa in ta daɗe a rudu, wadda ke baƙanta yatsa kamar gawayi, Aspergillus niger ce yawanci. Wadda ke yin kore mai sirkin rawaya a kan masara da gyaɗa, ita ce ake zargi da Aspergillus flavus, kuma ita ce zan fi daɗewa a kanta. Fumigatus kore ce mai toka-toka, kamar hayaƙi. In ka ɓare goyon masara ka ga fari mai sirkin ruwan hoda a tsakanin ƙwayoyi, wannan dangin Fusarium ne, su ma da irin tasu gubar. Mai dogon gashi fari da ɗigon baƙi a kai, irin wadda ke fitowa a tsohon burodi ko tuwon da ya kwana biyu, Rhizopus ce.

Amma fa kada wani ya ɗauki launi a matsayin hukunci. Penicillium ma kore ce mai shuɗi-shuɗi, kuma launi na canzawa da tsufan funfunar da abin da take ci. A ɗakin gwaji, irin na sashen nazarin ƙananan halittu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, yadda ake yi shi ne a ɗauki ɗan ƙullin huhun ko ƙwayar hatsin a ɗora a faranti mai wani abinci da ake kira Sabouraud. Bayan 'yan kwanaki ta tsiro, a duba launin samanta da na ƙasan farantin, sannan a ɗebi kaɗan a ɗiga mata shuɗin rini a sa a maikiroskof. A nan ne ake ganin siffar kan da ke ɗauke da iri. Na Aspergillus sanda ce mai dunƙulallen kai da jerin iri a jikinsa. Wani malamin coci ɗan Italiya, Micheli, shi ya raɗa mata sunan a 1729, don ta yi masa kama da abin yayyafa ruwa da suke amfani da shi a coci. Na Penicillium kamar tsintsiya yake. Irin Fusarium kuma lanƙwasasshe ne kamar lauje. Inda ido ya gaza, yanzu gwajin ƙwayoyin gado ake yi, don akwai waɗanda kamarsu ɗaya sak amma halinsu daban.

Yanzu mu zo kan flavus, domin fumigatus kisa take yi a fili ka gani ka yi kuka, ita kuwa wannan a ɓoye take cin jarin mutum. Ba sai ta shiga jikin kaza ba. A kan hatsin take zama ta zuba wata guba da ake kira afilatoksin, kazar ta ci gubar a abinci.

An gano gubar ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, lokacin da 'ya'yan talo-talo kimanin 100,000 suka mutu cikin 'yan watanni ba a san dalili ba, har aka sa wa cutar suna da harafin X. Da aka bi diddigi sai aka tarar duk sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. Tunkuza fa, irin wadda muke saye a wurin masu ƙuli-ƙuli mu zuba a abinci don ta fi waken suya araha. A 2004 kuma a gabashin Kenya mutane ne da kansu suka ci masarar da aka adana da laima, aka samu mutum 317 da suka kamu, 125 suka rasu. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa wannan guba a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta hanta musamman, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Duk wanda ya san yadda ciwon hanta yake a garuruwanmu ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Akwai wata magana da nake ji a kasuwannin hatsi wadda yanzu take tayar min da hankali. Ka nuna buhun masarar da ta yi baƙi-baƙi, ta farfashe, ƙwari sun huda ta, sai mai ita ya ce, "Ai wagga ta kaji ce, sai in rage maka." Mu kuma masu ƙaramin jari sai mu yi murna mun samu sauƙi. Araha ba ta ado. Ƙwayar da ta fashe ko ƙwaro ya huda ita ce ƙofar funfuna. Kuma abin yakan fara ne tun a gona: in masara ko gyaɗa ta sha fari da zafi lokacin da take cika ido, ko tsutsar nan da ta shigo mana a 2016 ta ci goyon, flavus da ke zaune a cikin ƙasa sai ta samu hanya. Daga nan a shanya a ƙasa tsirara ko a bakin kwalta, raɓa ta sauka, a ɗure a buhu ba ta gama bushewa ba, a jingine da bango. Shi ke nan.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe: funfuna na mutuwa, gubar ba ta mutuwa da sauƙi. Dafawa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, injin da ke murza abinci ya fito da shi ƙwaya-ƙwaya ma bai isa ba. Kana iya shanya masarar ka sheƙe ta ta yi fes a ido, gubar na nan. Ga shi kuma ɗan kaɗan ne ke ɓarna. A Amurka iyakar da aka yarda da ita a abincin mutane da na ƙananan dabbobi ita ce kashi 20 cikin biliyan. Wato giram 20 a cikin tan dubu. Ba a buhu ba, a tan dubu.

Yaya take nunawa a kaji? Ba kasafai take kisa farat ɗaya ba. Sai dai ka ga suna ci ba sa girma, sati shida buloila na nan kamar ta sati huɗu. Ka ga ɓarɓashin abinci a kashinsu bai narke ba. Ƙafa da zanko su koɗe. Masu ƙwai su rage. In an yanka a ga tabon jini a cinya da ƙirji, hanta kuma ta kumbura ta yi fari-fari ko rawaya, tana dagargajewa a hannu. Mafi muni, tana karya garkuwar jiki, sai ka yi rigakafi a kan lokaci amma cutar ta zo ta kwashe su, ka koma kana zagin mai sayar da allura alhali matsalar na cikin buhun abincinka. Masu kiwon agwagi da talo-talo su fi kowa kula, don 'ya'yansu sun fi kaji rauni a kan wannan guba nesa ba kusa ba.

Ga yadda nake sayen masara yanzu. Ba na duba ta bakin buhu, sai an soka min daga tsakiya da ƙasa. In shinshina. In ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa akwai sauran ruwa. In da yawa zan saya, ina tafiya da busasshiyar kwalba da gishirin da na soya ya bushe ƙayau: a zuba masara kamar sulusin kwalbar, a sa gishiri cokali biyu ko uku, a rufe a girgiza sosai, a bar ta kamar minti goma sha biyar a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, masarar ba ta isa ajiya ba. Abin da ake so laimarta kada ta wuce kashi 13 cikin ɗari, ɓararriyar gyaɗa kuma kashi 7 zuwa 8. Buhu a kan katako, nesa da bango. Buhun PICS na da kyau, amma busasshen hatsi ake zuba masa. Abincin da na haɗa ba ya wuce sati biyu a damina, kuma na daina zuba sabo a kan jiƙaƙƙen da ya dunƙule a gindin mazubi.

Akwai hodar da ake sayarwa ta kama guba, wadda ake zubawa a abinci. Ina sawa, tana taimakawa, don yawancinta wata irin laka ce da ke riƙe afilatoksin a hanji ta fita da shi a kashi. Amma wanda ya sayi ruɓaɓɓiyar masara da gangan yana cewa ai zai sa hoda, kansa yake yaudara.

Ga wanda ke noma masararsa ko gyaɗarsa da kansa, akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar tare da masana daga Amurka. Dabarar ta burge ni ƙwarai, kuma ita ce ta nuna min amfanin wannan aiki na tantance funfuna. Ashe a cikin flavus ɗin kanta ba duka ne ke yin guba ba. Masanan sun tattaro samfura daga gonakin Nijeriya, suka tace, suka ware nau'i huɗu da ba sa yin gubar sam, suka shafa su a jikin gasasshiyar dawa da aka rina shuɗi. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta ɗaya, sati biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure, marasa gubar su riga masu gubar mamaye gonar. Da ido ba za ka bambance su ba, launinsu ɗaya.

Akwai wasu biyu da ke taɓa kaji da zan ambata a gurguje. Candida albicans, dangin yis, tana kama jakar abincin da ke ƙasan wuyan kaza, cikinta ya yi fari ya yi kauri kamar tawul, bakin kazar na warin tsami. Yawanci bayan an daɗe ana ɗura musu antibayotik take zuwa, wato irin abin da na yi ta yi wa nawa. Ɗayar kuma ita ce ke sa zankon zakara ya yi fari kamar an barbaɗa gari, 'yar uwar makero ce, a ware shi, a wanke hannu bayan an taɓa.

Masu kifi, ban manta da ku ba. Farin abin nan kamar auduga da ke fitowa a jikin tarwaɗa ko a kan ƙwai a wurin ƙyanƙyasa, Saprolegnia ake kiransa. Kowa funfuna yake ce masa, amma da masana suka bincika sai suka cire shi daga dangin fangas gaba ɗaya, suka sa shi a wani rukuni na daban, don ginin jikinsa ba irin nasu ba ne. Ba ya kama lafiyayyen kifi haka kawai. Sai fata ta gurje, wajen tacewa da raga, ko cizon juna, ko doguwar tafiya a jarka, ko kuma ruwa ya yi sanyi da hunturu kifin ya raunana. A wurin ƙyanƙyasa kan matattun ƙwai yake farawa, waɗanda suka yi fari, daga nan ya rarrafa ya lulluɓe masu rai, shi ya sa cire su da wuri ya fi kowane magani. In ya bayyana a tanki, a canza ruwa, a rage cunkoso, a sa gishiri kamar kilo 1 zuwa 3 a lita dubu. Koren rinin nan malakayit da wasu ke zubawa yana aiki, amma Turai da Amurka sun hana amfani da shi a kifin da za a ci saboda yana zama a tsoka, ni dai ba na ba kowa shawararsa. Kuma a lura, akwai wata bakteriya mai suna kolumnaris da ke yin fari-fari a baki da bayan kifi, ta yi kama da wannan sosai, ita kuma ruwan ɗumi take so kuma tana kisa da sauri. In gishiri da canjin ruwa ba su yi komai ba cikin kwana biyu, a nemi masani. Afilatoksin ma na cin hantar kifi, don haka duk abin da na faɗa a kan tunkuza da masara ya shafi masu haɗa abincin kifi a gida.

Mu kanmu masu kiwon ba mu tsira ba. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 da suka fi barazana ga mutane, kuma fumigatus da Candida albicans suna cikin huɗun da ke sahun gaba. Mai lafiya yana shaƙar ƙurar kullum ba ta yi masa komai, amma mai asma, da wanda ya taɓa yin tarin fuka, da mai raunin garkuwar jiki, kada a sa su kwasar tsohuwar shimfiɗa. Ranar da na kwashe tawa ba takunkumi na yi, sai da na kwana biyu ina tari. Yanzu ina ɗan yayyafa ruwa kafin kwasa don ƙura ta kwanta, in rufe hanci, in kai ta gona nesa da ɗaki.

Ban daina amfani da ɓuntu ba, don a Kabi shi ne abin da muke da shi a wadace. Sai dai yanzu da rani nake ɗebo sabon casa kai tsaye daga bakin inji, in ɗure a buhu in ajiye a rumfa kan katako har damina. Kafin in shimfiɗa sai na cusa hannu tsakiyar buhun, in na ji ɗumi ko wari, gona zai tafi. Ƙarƙashin mashaya kuma kullum da safe nake kwashe inda ya jiƙe.

In ka wayi gari ka ga naka suna wannan hakin na shiru, kada ka fara da shagon magani. Ɗauki waɗanda suka mutu a daren, ba na shekaranjiya ba, ka haɗa da biyu masu rai da ke hakin. Sa matattun a leda cikin kula da ɗan ƙanƙara a gefe, kada ka daskarar da su a firiza don yana ɓata abin da likita zai duba. Ka ɗebi tafi ɗaya na shimfiɗar daga ƙasa, da tafi ɗaya na abincin daga gindin buhu, kowanne a ledarsa, ka tafi da su tare.